Tozon Dalma a Ruwan Eilif

Ku matso ku ji labarin maƙwabciyata Torhild. A duk lungun tekunmu babu mai tsabtarta. Ba ta sa zobe, ba ta shafa mai, ko makullin gida sai ta wanke hannu in ta taɓa, don aikinta auna ƙarfen da ya narke a ruwan teku ne, musamman dalma mai guba, kuma ɗan tsatsar da ido ba ya gani ya isa ya ɓata awo.

Ta taɓa nuna mini. Ɗigon zaiba ne ke rataye a bakin siririn bututu cikin ruwan. Lantarki ya jawo ƙarfen ya manne masa, sai a juya lantarkin, ƙarfen ya saki, layin da ke allon na'urar ya yi tozo. Girman tozon, yawan dalmar.

Ƙanenta Eilif ƙaguwa yake kamawa, a ruwan da ubansu ya bar masa kusa da tsohuwar ma'aikatar narka ƙarfe. Shi ke kai ta ɗibar ruwa a kwalekwalen roba, yana tsokanarta.

"Yaya, sarauniyar wanke-wanke, yau ma kada in yi numfashi?"

"Yi, amma ka juya wancan gefen. Bakinka kaɗai ma'adini ne."

Da bazara aka yashe gindin tashar jiragen ruwa, taɓon da ya daɗe kwance da dattin ma'aikatar ya tashi. Ta auna ruwan Eilif, tozon ya miƙe irin wanda ke sa a hana kamu.

Masu wannan aiki kansu suke fara zargi. Torhild kuwa addu'a take laifin ya zama nata. Ta sake jiƙa gorunan ɗibar ruwanta a ruwan asid, ta canza safar hannu, har gashinta ta rage. Ta gwada tataccen ruwa ko ƙazantar daga ɗakin awonta take. Layi ya kwanta sumul. Ta mayar da na Eilif, tozo ya dawo.

Ta same shi yana gyaran tarko, ta faɗa masa.

"Ki ce hannunki ne, Yaya. Kowa na kuskure."

"Na nema, Eilif. Wallahi na nema."

"Yarana fa?"

"Su ma ƙaguwar suke ci."

Ta kai wa hukuma sakamakon, aka rufe ruwan. Eilif ya tafi arewa aikin jirgin wasu, iyalinsa suka bi shi. Tarkunansa na nan jibge a bayan gidanta, ciyawa ta fito ta cikinsu. Bai kira ta ba har yau.