Gilashin da Ya Shigar da Labbo Ɗakin Surukinsa

Labbo mai hoto yana da ɗan shago a Gusau, kusa da inda ake shiga motar Bunguɗu. Da na dawo gida daga karatu, na tarar da shi yadda na bar shi, sai dai kyamararsa ta samu sabon gilashi, gajere, wanda ya saya a hannun wani mai ɗaukar biki. Na tambaye shi yadda yake jin aiki da shi.

"Ido gare shi kamar kyanwa," in ji Labbo. "Ɗakin da babu taga, sai hasken ƙofa, zai fiddo maka mutum tas ba tare da walƙiya ba. Abin da ke bayan mutum kuma ya dushe, ba ka ganin kwanuka da igiyar shanya. Aibinsa guda ne: ba ya jawo nesa kusa. In fuska kake so, ƙafarka za ta kai ka."

Wannan aibin ne ya tsaya masa a Rawayya, garin su matarsa. Surukinsa, Baba Tambaya, ya tsufa har ya daina fitowa, kuma ba shi da hoton kirki. Balkisu, matar Labbo, ta ce tana son jikoki su san fuskar kakansu. Labbo kuwa tun da ya auri Balkisu bai taɓa shiga ɗakin tsohon ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi. Ya gwada tsohon gilashinsa mai jawowa daga waje, duhu kawai ya fito.

Dole ya ɗaura sabon, ya tuɓe takalmi, ya shiga a sunkuye, ya danna kyamara, kansa a ƙasa. Balkisu ta leƙa hoton a jikin kyamara. Ƙafafun mahaifinta sun fito tas, har faso a dunduniya, fuskar kuwa hazo-hazo.

"Malam, ƙafa na ce maka ina so?"

Ta nuna wa tsohon. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bai juya wajen Labbo ba, ita ya yi wa magana.

"Ɗiyata, mijinki shina Gusau. Wanga baƙo mai hoto na, aiki ya kawo shi. Ce mai shi ɗaga kai."

Labbo ya matsa har gwiwarsa ta taɓa bakin tabarma, ya ɗaga kyamara, ya nemi idon tsohon a cikin gilashi, ya danna.

Na ce ya nuna mini hoton. Ya ce yana ɗakin Balkisu. Shi da ya wanko shi ma, a kife ya miƙa mata.