Ranar da Igiyar Shanya Ta Faɗi Shekaruna

Da hantsin wata Lahadi, ana saura kwana uku bikin juyin juya hali na talatin ga Nuwamba, shekarar da nake aji biyar, na tsaya a layi a filin ƙwallon Paraku ina kallon wani mutum yana ɗaura igiyar shanya tsakanin sanduna biyu. Gajere ne mai tumbi, kakin jikinsa ya matse shi har maɓallan suna neman tsinkewa, ga jan tauraro maƙale a aljihu. Shi ne Kamarad mai kula da matasa, kuma da wannan igiya zai gane wadda ta haura shekara goma sha biyu a cikinmu. Ya ɗaure ta daidai haɓarsa, ya ja baya ya dube ta, ya gyaɗa kai kamar ya gama gina gada.

Daga Jugu muka zo, mu ashirin, a bayan kamiyon da ya sauke auduga. Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni, kuma gidan dogaye. A zauren Baba na tashi cikin ƙamshin ɗanyen ganye, ina yayyafa wa huhun goro ruwa, ina tsince masu tsutsa. Da asuba in jawo ruwa a rijiya, da yamma in kama taɓarya mu daka sakwara ni da yayata, idan damina ta faɗi kuma Kaka ta tafi da ni ƙauyen Partago tsintar kaɗanya. A lakwal, wato makaranta, rabin yini karatu ne, rabi noma, don gwamnatin juyin juya hali ta ce kowace makaranta ta ciyar da kanta. Masarar dai mun nome ta, amma ban taɓa ganin wanda ya ci ta a cikinmu ba. Kowa kuma Kamarad ne, har malamin da ke zane mu da bulala.

Abin da ya sa nake son lakwal shi ne ƙungiyar majoret, wato 'yan mata masu rawa da kirari a filin wasa da ranar biki. Madam Fati ce ta haɗa mu, siririyar malama mai muryar da ake ji har bakin kasuwa. Ta sa aka ɗinka mana jan siket da farar riga, muka warware zaren buhu muka rina shi ja da kore, muka yi tuntaye muna kaɗawa. Yawancin takun daga gaɗar da muke yi a ƙofar gida ta ɗauko shi, ta ɗora masa kirarin jam'iyya. Abin alfaharinmu shi ne rufewa: 'yan mata huɗu su durƙusa su kewaye ni, ni in tsaya a tsakiya, sai Ladi ta taka bayansu ta hau kafaɗata ta miƙe tsaye ta ɗaga tuta. Ladi 'yar maƙwabtanmu ce, uwarta na sayar da wasa-wasa, dambun garin doya, shekararta bakwai, ba ta da nauyi kuma ba ta da tsoro. Wata uku muka yi muna wannan hawa a ƙarƙashin mangwaron lakwal, har na san lokacin da ƙafarta za ta karkata tun kafin ta karkata.

Da aka ce za a yi gasar makarantun arewa a Paraku, sai takarda ta zo daga sama cewa daga shekara takwas zuwa sha biyu kaɗai za a karɓa. Madam ta ƙara wa Ladi shekara guda da alƙalaminta, babu wanda ya tanka. Ni ban damu ba, don sha ɗaya nake. Inna ta sha faɗa mini, "Ina goye da ke aka ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki, ko tafiya ba ki fara ba." Sai dai a gida aka haife ni, kuma takardata irin wadda akawu ke rubuta "an haife ta wajen shekara kaza" ce.

A kan irin takardunmu Kamarad ya yi jawabi da Faransanci mai tsawo. Ya ce takardun ƙauye duk ƙarya ne, iyaye jahilai suna zaluntar juyin juya hali. Jugu, garin da ayari ke sauka tun kafin a san kakansa, shi ne ƙauye. Saboda haka mai takardar asibiti ta wuce gefe, mai irin tamu ta bi ta ƙarƙashin igiya, wadda kanta ya taɓa ta fita. 'Yan wata makarantar cikin gari, inda 'ya'yan manyan jam'iyya ke karatu, suka wuce da takardunsu masu hatimi. Ɗaya a cikinsu ta fi Madam Fati tsawo. Kamarad ya dubi takardarta, ya tambaye ta lafiyar babanta.

Da layi ya kusa zuwa kaina, Madam ta matso ta raɗa mini, "Zuwaira, lanƙwasa gwiwa kaɗan." Na lanƙwasa, amma siket ɗin gajere ne, ba ya rufe komai. Kamarad ya zagayo ya buga mini rula a bayan gwiwa, na miƙe ba shiri, igiya ta tsaya mini a gira. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Wannan ai uwar ƙungiya ce." Suka yi dariya irin ta masu tsoron a kore su daga aiki.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke sayar wa direbobi abinci a bakin gar, wato tashar jirgin ƙasa, ta zo mana da kwanon shinkafa, ta ga komai. Ta dire kwanon ta nufe shi. "Kamarad, ni na yanke cibiyar yarinyar nan da hannuna. Duk gidanmu haka muke, dube ni." Ya ɗaga kai ya dube ta, don dole ya ɗaga. Ya ce juyin juya hali da kimiyya yake aiki, ba da labarin tsofaffin mata ba. Gwaggo ta ce, "To da ka fi haka tsawo, da 'yata ta yi ƙuruciya ke nan?" Ya sa ɗan sanda ya fitar da ita.

Madam ta roƙa a bar ta ta cire hawan Ladi. Aka ce kwamiti ya riga ya sa hannu a kan tsarin wasan, kuma wurin ɗaga tuta ne, wanda ya cire shi zai yi bayani. Ta san irin bayanin da ake nufi, tana da 'ya'ya biyu. Sai ta sa Hajara, wata 'yar ƙungiyarmu, a madadina, mai ƙarfi ce amma ba ta taɓa ɗaukar kowa ba. Kwana biyu muka yi a harabar wata lakwal a unguwar Banikanni, inda aka sauke mu, ina nuna mata yadda ake riƙe idon sawu, da yadda ake buɗe ƙafa a kafe. Sau uku suka yi daidai, sau biyu na cafe Ladi a sama.

Ranar gasa aka hana ni shiga fili. Na tsaya bayan waya rungume da takalman 'yan ƙungiya. Sun yi kyau, wallahi, tuntaye na tashi tare suna sauka tare. Ladi ta hau, ta miƙe, ta ɗaga tuta, jama'a suka ɗau tafi. Na ga ƙafarta ta hagu ta fara zamewa, na ƙwala wa Hajara kira, ganguna suka haɗiye muryata. Ladi ta faɗo a kan hannunta na dama. Daga rumfar manya Kamarad ya yi nuni a ci gaba da kiɗa, wani ya ruga ya ɗauke tutar daga ƙasa ya kaɗe ta, ya bar yarinyar a kwance. Gwaggo ce ta tsallaka waya ta goya ta zuwa wurin mai ɗori. 'Yan makarantar manya suka ci gasa.

A cinyata Ladi ta kwanta har Jugu, kowane rami kamiyo ya faɗa sai ta cije leɓe. Uwarta ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta dai dubi hannun ta ce Allah ya isa, a hankali, don a lokacin ba a san wa ke saurare ba. Ɗorin ya kama a karkace, yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ni ban koma ƙungiya ba, Madam ma ba ta neme ni ba, kunyata take ji.

Bayan mulkin ya faɗi na ga Kamarad a wani taro a Paraku, cikin babbar riga, a sahun gaba, yana bayani a kan 'yancin yara. Ya yi furfura, ana ce masa dattijo.

Yanzu jikata tana cikin irin wannan ƙungiya. Suna da katifu a ƙasa, suna da takardun haihuwa na gaskiya, akwai kuma mai tsayawa a baya don tare wadda ta faɗo. Ina jin daɗin haka, ko da yake in na ji gangarsu ƙafata takan motsa da kanta, in tuna muryoyinmu ashirin da babu wanda ya taɓa ɗauka a na'ura. In na je Jugu nakan zauna wurin Ladi, ta gaji tukunyar uwarta. Da hagu take zuba wa mutane wasa-wasa, kuma duk baƙon da ya zo sai ta ce masa, "A yi haƙuri da hagu." Tun tana 'yar shekara bakwai take ba mutane haƙuri, ita kuwa har yau babu wanda ya ba ta.