Gwaggo Bula da Mitar Gidanmu

Shekara goma sha ɗaya ƙofar ɗakina tana kallon tata. Ni tela ce, ita mai wanki da guga, kuma duk gidan hayar nan mai ɗaki tara Gwaggo Bula muke ce mata, saboda shuɗin bula ya kama yatsunta ya ƙi fita. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da baho biyu, kuma da wankin nan ta yi musu makaranta har suka kama gabansu. Gajera ce, mafaɗaciya, ba ta da doguwar gaisuwa. Amma rigar da ta bi ta hannunta, sai ka rantse yanzu aka ciro ta daga leda.

Ban taɓa ganin mai tattalin ruwa irinta ba. Ruwan da ta ɗauraye fararen kaya da shi take wanke masu launi, in ya yi baƙi ta goge daɓe, ragowar ta kora bayi. Wanda ya bar famfo yana ɗiga kuwa, ranar sai ya gwammace bai tashi daga barci ba.

Mita ɗaya ce ga gidan duka, muna raba kuɗin ruwa kowane wata. Kwatsam takardar kuɗin ta zo da ninki uku, ta wata na gaba ta fi haka. Wakilin mai gida, wani dogo mai yawo da makullai a ƙugu kamar shi ya gina gidan, ya tara mu a tsakar gida ya ce ba sai an wahalar da kai ba, kowa ya san mai wasa da ruwa a nan. Ko ta ɗauki kaso mafi tsoka, ko ta daina wankin kuɗi, ko ta ba shi makullin ɗaki. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Muka ɗaga, har da ni. Har yau ina jin kunyar abin, amma a lokacin nawa kason kawai nake hange.

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ruwan da na taɓa zan biya. Wanda ban taɓa ba, ko sisi."

Ashe akwai abin da ta sani mu ba mu sani ba. Ita ba ta sa takalmi in tana shanya, don haka ta san inda simintin tsakar gida yake ƙona ƙafa da rana tsaka. Kwanakin nan ta lura wani wuri kusa da katangar baya ya daina zafi, zanen gadon da ta shanya a saitinsa ma yana jinkirin bushewa.

Ranar Asabar da azahar ta bi famfunan gidan ta rufe, ta ɗaure kan kowanne da tsumma don kada wani ya buɗe. Ta kira mu gaban mita, har da wakili. Babu mai wanka, babu mai wanke-wanke, amma allurar mitar tana juyawa abinta.

Wakili ya fara borin kunya. Ya ce duk ruwan da ya wuce mita na 'yan haya ne, ko ina ya tafi. Ta ce ita ɗaki ta kama, ba ta kama abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Ya ce bara aka zuba simintin nan, mai gida ya hana a taɓa shi. Sai ta shiga ɗakin wani bakanike da muke haya tare ta aro guduma, ta ɗaure zani, ta hau dukan wurin nan mai sanyi. Da simintin ya fashe sai ga caɓi, a cikinsa wani tsohon bututu da tsatsa ta cinye yana tsartuwar ruwa.

Washegari mai gida ya zo da kansa, mutumin da rabonmu da shi shekara biyu. Ya tsaya a ƙofarta yana magana ƙasa-ƙasa. Bai gama ba ta fito tsakar gida ta ɗaga murya.

"Ku fito ku ji. Ya ce zai yafe mini nawa kason, in yi shiru ku ku biya sauran. Ni ba na cin irin wannan."

Ranar muka ce babu mai biya, mu da muka sayar da ita sati biyu da suka wuce. Mai gida ya biya kuɗin ruwan yana huci, ya gyara bututunsa, sannan ya aiko mata da takardar tashi, wai ta fasa masa daɓe. Muka je muka roƙe shi. Ya ce in ta ba shi haƙuri a gaban mutane, sai ta ci gaba da zama a ɗakinta. Na kai mata saƙon da murnata, na ce, Gwaggo, kalma ɗaya ce fa. Ta tambaye ni haƙurin me za ta bayar, ita ce ta sa bututun ya ruɓe? A ƙarshen wata ta kwashe kayanta.

Ɗakin da ta samu babu famfo. Daga bakin titi take ɗauko ruwa, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa, kuma rabin masu kawo mata wanki sun ce wurin ya yi musu nisa. Da na je duba ta na tarar tana sauke bokiti tana haki, raina ya ɓaci, na ce da ta bi shawarata da yanzu tana ɗakinta. Ta goge fuska da gefen zani ta harare ni.

"Nauyin bokiti zan iya ɗauka, 'yar nan. Laifin da ban yi ba ne ba zan ɗauka ba."