Jinin da Ya Taru a Kaina Bayan Wasan Mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tara ke nan ban ɗora komai a shafin nan ba. Na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka ji an ce na rasu. Ina raye. Sai yanzu hannuna ya iya riƙe waya har in rubuta wannan.

Ga wanda bai san ni ba, ni makaniki ne, garejina yana bakin titin Ɗanbatta. Ina da wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, ni na tayar da injinta da hannuna. In an gama girbi, mukan je wani fili da masu aikin titi suka bari a bayan ƙauyenmu, mu jera tsofaffin tayoyi mu fitar da hanya mai lanƙwasa shida. Kowa ya zagaya shi kaɗai, a ga wanda ya fi sauri. Ni kuma in ɗaure waya a kujerar gefe, ta ɗauke ni ina tuƙi, in ɗora muku.

Ranar da abin ya faru, a lanƙwasa ta huɗu motar ta ƙwace mini, ta juya, gefenta ya daki tudun ƙasa. Kaina ya bugi ƙarfen ƙofa. Babu hular kwano, ban taɓa sakawa ba. Na fito ina dariya, ko ɗigon jini babu, sai ɗan ƙulu a saman kunnen hagu.

Sati uku ina lafiya ƙalau. Sai ciwon kai ya fara, mai nauyi, ya fi tsanani da safe. Na sha maganin kemis. Wani ya ce zazzaɓi ne, wani ya ce hawan jini. Na fara mantuwa. Sai in kwance injin mutane, in tsaya ina kallon notuna ban san inda za su koma ba.

Duk da haka na koma fili. Na ɗauki wani bidiyon, na ba matata Rabi ta kalla kafin in ɗora. Ta kalla sau uku, sannan ta miƙo mini wayar.

“Baban Ummi, dubi hannunka.”

Na duba. Hannuna na dama ya miƙa zai kama giyar motar, ya kuskure ta, ya faɗi a cinyata. Ya sake miƙawa, ya sake faɗuwa. Ni kuwa lokacin da nake tuƙin ban ji komai ba. Na buɗe baki in ce mata gajiya ce, sai kalmar ta ƙi fitowa.

Rabi ta ruga gidan mahaifina. Baba manomi ne, tun farko bai son motar nan, amma ranar bai yi mini gori ba. Ya sa aka kai ni asibitin garinmu, suka ce mu wuce Kano. A hanya na yi amai sau biyu.

A Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Rabi ta nuna wa likita bidiyon haɗarin da na ƙarshe. Ya ce tun ranar da na bugu wata 'yar jijiya ta tsinke, jini yana ɗiga a hankali, ya taru yana danne ƙwaƙwalwa.

Ya dubi Baba ya ce, “Baba, sai mun huda kansa. In aka ƙara kwana biyu, ba na jin za mu same shi.”

Baba ya dangwala yatsa a takarda. Aka sayar da motar a ranar, kuɗin bai kai ba. Baba ya aika gida aka kai shanun huɗarsa biyu kasuwa.

Suka aske ni, suka huda ƙoƙon kaina wuri biyu, suka sa roba. Da na farfaɗo na ga abin da ke fita a jaka, baƙi ƙirin kamar tsohon baƙin mai.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi aikin wuya. Ina gane mutane, amma sunansu ya ɓace. Aka kawo mini 'yata Ummi, na yi ta kallonta, na kasa kiranta, ta ɓuya a bayan uwarta. A rana ta biyar jikina ya kama jijjiga har na ciji harshena. Ɗan acaɓan da ke gadon kusa da ni, shi ma bugun kai ne, ina kallo aka lulluɓe shi. Baba da furfurarsa shi yake riƙe mini fo.

Kwana ashirin da uku muka yi. A gida aka sa ni tsintar gyaɗa ɗaya-ɗaya ina sakawa a kwano, wata uku ina yi. Magana ta dawo, tafiya ta dawo. Ƙananan notuna har yau suna suɓuce mini. Ina shan maganin jijjiga safe da yamma, kuma likita ya hana ni tuƙi.

Damina ta sauka Baba ba shi da shanu. Rabin gonarsa ya noma da fartanya, rabin ciyawa ta cinye. Sau ɗaya na ba shi haƙuri, ya ce in bar maganar, ƙasa tana nan ba ta gudu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Rabi, da ku da kuka yi addu'a.

Abokaina na fili, na san ba za ku daina don na faɗa ba. To ku sa hular kwano, ku ɗaura bel. Duk wanda ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido har wata biyu. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ko amai, ko mantuwa, ko hannu ya yi sanyi, kada a tsaya kemis, a je a ɗauki hoton kai.

Gobe in Allah ya kai mu zan bi Baba cirar gyaɗa a rabin da ya samu ya noma. Ku sa shi a addu'a.