Baba a Gaban Masaƙa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu, ni da mahaifina da 'ya'yana mata biyu. A tashar Ɗambatta muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har Baba ya ce da tabarau ya kamata a riƙa sayar da shi. Kuɗin mota ma ya tashi, amma gero ya yi kyau dama da hagu, sai muka yafe wa direba.

Tafiyar ta Baba ce. Shi ne masaƙi na ƙarshe a garinmu, kuma mantuwa ta fara taɓa shi. Ya ji an ce akwai masaƙa irin tasa a wani gidan adana kayan tarihi a Kano, yana so jikokinsa su ji yadda ake saƙa daga bakinsa tun yana iya tunawa.

A ƙofa aka ba mu 'yar na'urar saƙalawa a kunne, wadda ke bayanin duk abin da ka tsaya a gabansa. Baba ya ce kunnensa ba na aro ba ne. Yaran suka cusa tasu a kunne ta cikin hijabi. Kowane ɗaki Baba sai ya yi sallama, ga mutane cike, ba mai amsawa.

Da muka iso masaƙar ya gyara tsayuwa, ya shiga nuna yadda ake jefa ƙoshiya tsakanin zare. Yaran na ta gyaɗa kai, shi kuma yana ƙara ƙaimi. Ni kaɗai na san muryar da suke gyaɗa wa kai ba tasa ba ce. Raina ya sosu ƙwarai.

Na ja su gefe, na karɓe na'urorin. Ƙaramar ta koma ta ce, "Baba Tsoho, don Allah maimaita mana daga farko."

Ya maimaita, har da waƙar da masu saƙa suke yi in hannu ya gaji, wadda ni ma ban taɓa ji ba. Babbar ta yi ta jefo tambayoyi.

Mun iso gida bayan la'asar da tsarabar gurasa. Na'urar ba laifi, ta san abubuwa da yawa. Amma na koyi cewa in ka je da tsohonka, a bar ta a ƙofa, ita tana nan ko baɗi.

A dandali na ji Baba yana gaya wa abokansa, "Don daɗin labarin, sau biyu suka sa ni na faɗa."

Ban gyara masa ba.