Ƙararrawar Keken Kawu

Mun tashi da asuba daga Nguru, ana fitowa daga masallaci, ni da kawuna, kowa a kan kekensa, mun nufi Gashuwa. Ni ina kan keken zamani mai giya da na sayo a Kano, har da hular kwano. Kawu kuwa yana kan tsohon baƙin kekensa da ya girme ni, ya ɗaure buta da famfo a baya.

Ga abin da ya haɗa tafiyar. Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana ɗauko bandar kifi daga Gashuwa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru a kan wannan keken. Bara ya faɗi sau biyu a kasuwa, 'ya'yansa suka ce hawan keke ya isa haka. Sai ga labari cewa amininsa, masuncin da yake sayar masa da kifi a da, idanunsa sun rufe. Kawu ya ce zai je gaishe shi, kuma a keke. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan sharaɗi: in ya kai da ƙarfinsa, ba mai sake yi masa maganar keke, in kuwa ya shiga mota a hanya, ya haƙura da shi ke nan. Ni aka sa shaida, tunda ni ne mai cika baki a kan tseren keke.

Safiyar kaka ce, iska mai daɗi. Ruwan damina bai gama janyewa daga fadama ba, ciyawar kacalla ta yi duhu, balbelu sun yi fari a bayan shanu. Gonaki an girbe, dammunan gero a jere. Nakan ƙara giya in yi nisa, in tsaya ɗaukar hoto ina jiransa. Shi ko taki ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi. In babbar mota ta taho sai ya matsa gefen kwalta ba tare da ya waiwaya ba.

A Jajimaji muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, kawu ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai suya ko maɓallin riga take sayarwa. Ta yi dariya ta ƙara masa biyu.

Da rana ta take, na hango wata aduwa mai inuwa a gefen hanya. Na karkata kan kekena na bi ta cikin ciyawa har gindinta. Kawu ya tsaya a bakin kwalta, ya sauka, ya saɓa kekensa a kafaɗa, ya tako a hankali. Na ce a raina tsufa ke nan, mutum ya ɗauki abin da ya kamata ya ɗauke shi. Ban gama shan ruwa ba na ji tayoyina biyu suna huci. Tsaidau ne, ƙayar nan mai yaɗo a ƙasa, ta manne musu ko'ina.

"Ɗan nan," in ji kawu, "a ƙasar nan bayan damina, keke ba ya sauka daga kwalta da ƙafarsa."

Ya zauna ya zare tif, yana zuba ruwan butarsa yana neman huji, ya kankare da dutse, ya shafa sholisho, ya liƙa. Huji bakwai. Sai da muka yi sallar azahar a wurin. Kunya ta ishe ni, don na san na cinye masa lokaci, na kuma ƙarar masa da ruwa.

Daga nan hanya ta canza fuska. Iska ta juyo tana tura mu baya, kwalta tana turiri. Wasu makiyaya suka ba mu nono a ƙwarya, suka ƙi karɓar ko kwabo. Duk da haka, bayan la'asar na ga keken kawu yana tangaɗi. Ya sauka ya zauna a gefen titi. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wata a-kori-kura mai buhunan hatsi ta tsaya. Direban ya leƙo ya yi gaisuwa da Barbarci ya ce, "Wushe, Baba! Ku hau mana, Gashuwa za ni."

Na sunkuya na raɗa masa, "Kawu, mu hau. A sauke mu a bayan gari. Ni ban ga komai ba."

Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ce, "Kai ba ka gani ba. Ni fa?" Ya yi wa direban godiya, ya miƙe ya kama kan kekensa ya fara turawa. Sharaɗi dai bai hana tafiya a ƙasa ba. Haka muka yi sauran hanyar, mu tura, mu hau, mu sake turawa, har rufin gidajen Gashuwa suka bayyana rana na shirin faɗuwa.

Gidan amininsa yana kusa da kogi. A ƙofa kawu bai yi sallama ba tukuna, sai ya kaɗa ƙararrawar kekensa sau uku, yadda yake yi a da. Daga cikin zaure wata tsohuwar murya ta ce, "Mai banda? Ka makara, kifi ya ƙare!" Tsohon ya fito yana lalube, ya shafa fuskar kawu, ya shafa sirdin keken, suna dariya hawaye na zuba. Ni ma sai da na juya baya. Aka kawo mana shinkafa da miyar ɗanyen kifi, na ci kamar ba ni ne na jawo wahalar ba.

Da safe kawu ya tura keken cikin zaure ya jingine shi kusa da tabarmar amininsa, inda hannunsa zai iya kai wa ƙararrawar. Na ce, "Kawu, ai ka ci sharaɗin, keken naka ne."

"Shi ya sa," ya ce. "Da na gaza, ƙwace min za a yi. Yanzu ni na ajiye."

A mota muka dawo Nguru, kekena a ɗaure a sama, cinyoyina kamar an daka. Na koyi cewa gudu daban, isa daban, kuma in tsohon hannu ya yi abin da ya ba ka dariya, ka fara tambaya kafin ka dara. Babban ɗansa ya tare mu a ƙofar gida, ya duba bayan kawu ya ce, "Baba, ina keken?"

Kawu ya cire takalmi ya ce, "Na kai shi gida."