Waƙar da Ba a Ƙarasawa a Gidanmu

Ranar Talatar da ta wuce ina kicin ɗin tsohon Baturen da nake jinya a unguwar Bronx a nan Amurka, ina dama masa kununsa marar gishiri marar sukari, sai na ji jita ta tashi daga falo. Bugu uku kawai aka yi cokali ya tsaya a hannuna. Rabona da waƙar nan ya fi shekara arba'in, amma na gane ta kamar yadda zan gane ƙofar gidanmu.

Bari in gaya maka halin da nake ciki, don kada ka ɗauke ni mahaukaciya idan ka ji abin da na yi. Autana sojan Amurka ne, an kai su Afganistan. Duk Juma'a yake kirana, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci. To, Juma'a biyu ke nan shiru. Ko banɗaki zan shiga da wayar nake shiga. Abinci ba ya wuce mini, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar benenmu sai in leƙa ta taga.

A zangon Kumasi na tashi, a gidan kakana, gida mai rufin kwano wanda kullum yake warin gawayi da ɗanyen goro. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Abu uku ya dawo da su: tarin da bai rabu da shi ba har kabari, da garmaho, da faifai ɗaya tak. Garmahon yana ƙarƙashin gadonsa a naɗe cikin tsohon bargo. Ba a fito da shi ranar suna, ba a fito da shi ranar salla. Sai idan wani ɗan gida ya yi tafiya ya wuce ranar da ya ce zai dawo. Saboda haka mu yara ko labari ba ma tambaya. Da mun ji ana jan bargon nan, mun san akwai wanda ba a ji ɗuriyarsa ba.

Waƙar irin ta mutanen karkarar Amurka ce, wadda suke kira kantiri. Wani mutum ne ke rerawa ta hanci, a hankali, kamar mai mura. Kakana zai wana garmahon bayan la'asar, ya ɗora allura, ya zauna ya dafa gwiwa. Idan mawaƙin ya ja numfashi zai shiga baitin ƙarshe, sai ya ɗage allurar. Kullum a wuri ɗaya. Na daɗe ina zaton faifan ne ya lalace.

Wata damina kawuna, direban babbar motar goro, ya tafi arewa, aka ce ruwa ya cinye wata gada a hanyarsu. Kwana tara ba labari. Kakata ta daina zuwa kasuwa, tana ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ruwa na dukan kwano, waƙar na fita da ƙyar, ni kuwa haushi ya ishe ni. Na ce, "Kaka, ka bar shi ya gama mana."

Ya dube ni ya ce, "Amarya, bakinki ya fi ki girma." Can kuma sai ya ja ni kusa da shi. Ya ce a wani sansani a ƙasar Indiya ya fara jin ta a bakin sojojin Amurka, wani tafinta ya fassara musu. Wai ɗan manomi ne a bakin daga, yana tuna uwarsa da rafin garinsu da lokacin karyar masara, yana tambaya ko an bar masa gadonsa yadda yake. Kakana ya ce ranar ya san ashe Bature ma yana da uwa. Daga nan suka mayar da ita tasu. Idan 'yan sintiri za su shiga daji sai a fara musu ita, ba a ƙarasawa sai sun fito. Ya ce akwai waɗanda har yau ba a ƙarasa musu ba.

Rana ta goma kawuna ya shigo, taɓo har gwiwa. Aka yi ta guɗa, aka tura ni da gudu in gaya wa gwaggona a unguwar gaba. Kafin in dawo an ƙarasa waƙar, an naɗe bargo. Na yi kuka kamar an yi mini duka, kowa na dariya. Kafin wata damina wani abu ya tsinke a cikin garmahon, aka rasa mai gyara. Ka ji yadda na girma ban taɓa jin ƙarshenta ba.

To ranar Talata ina tsaye ina ji, yanzu da kunnen da ya san Turanci, ga uwar, ga rafin, ga masarar, kamar yadda kakana ya faɗa. Da mawaƙin ya ja numfashin nan ban san lokacin da na isa falo ba. Na fizge wayar wutar daga bango, rikoda ta mutu, fitila da fanka suka bi ta.

Tsohon ya zuba mini ido. Shi ma ya yi soja da ƙuruciya, yanzu kuwa rabin lokaci sunan marigayiyar matarsa yake kirana da shi. Ya ce ubansa ne ya bar masa waƙar, tun babban yaƙin nan da kakana ya je aka yi ta, kuma duk yaƙin da ya biyo baya sai wani ya sake rera ta. Ya ce, "Ai ƙarshen ne ya fi daɗi, wurin da yaron..."

Na toshe kunnuwana na ce, "Baba, don Allah kada ka faɗa." Na zauna a ƙasa na ba shi labarin kakana da na ɗana. Na ɗauka ma bai bi zancen ba.

Kakata ta jira mijinta shekara uku da wasiƙa biyu. Ni ga waya a tafin hannuna, mako biyu na nema su kayar da ni. A wayar nan ma zan iya nemo ƙarshen waƙar cikin minti ɗaya, kuma wallahi ina so in sani ko yaron ya koma gida. Ba zan nema ba, sai na ga nawa ya fito ta ƙofar filin jirgin JFK da jakarsa.

Yau da safe ina kicin jitar ta sake tashi. Na ajiye cokali zan ruga, sai na ji shiru, daidai wurin numfashin. Na leƙa, ga tsohon da yatsansa a kan maɓallin rikodar. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo. Ya ce, "Yaronmu ya kira?"

Na ce, "Tukuna, Baba. Gobe ce Juma'a."